The Hurt Locker: inda fim ɗin ya kauce a aikin kwance bam, da inda ya dace a halin sojan da ke yinsa

A daren 7 ga Maris, 2010, wani ƙaramin fim da aka kashe wa kimanin dala miliyan 15 ya kayar da Avatar, wanda a lokacin ya fi kowane fim tara kuɗi a tarihin sinima. The Hurt Locker ya shiga gasar Oscar da gurabe tara, ya fita da kyauta shida: gwarzon fim, darakta, rubutun labari, tace hoto, da biyu na sauti. Kathryn Bigelow ta zama mace ta farko da ta karɓi kyautar darakta. Sai dai tun kafin daren, sojojin Amurka da suka yi zaman Iraƙi suna ta guna-guni. Paul Rieckhoff, wanda ya kafa ƙungiyar tsofaffin sojojin Iraƙi da Afghanistan, ya rubuta a mujallar Newsweek cewa kurakuran fim ɗin sun kai ga rashin girmama masu aikin. Masu kwance bam da yawa sun ce da Sajan William James, jarumin labarin, yana cikinsu, da tuni an karɓe masa ragamar tawaga.

Sojojin sun faɗi gaskiya, alƙalan gasar ma ba su yi zaɓen tumun dare ba. Kowane ɓangare abu daban ya auna. Fim ɗin ya lalata tsarin aikin hannu da gangan don labari ya yi armashi, amma ya kama abin da tsoro mai tsawo ke yi wa mutum kamun da finafinan yaƙi kaɗan suka yi. Matsalar ita ce ya cuɗa halaye biyu da masana suka daɗe da rarrabewa, wato natsuwa a gaban haɗari da kuma ganganci, har mai kallo ya tashi yana ɗaukar su abu guda.

Labarin yana Bagadaza ne a 2004. Mark Boal, wanda ya rubuta shi, ɗan jarida ne da ya bi wata tawagar kwance bam a birnin cikin wannan shekarar. A lokacin Iraƙi ta cika da kayan fashewa da ba mai gadi. Paul Bremer, wanda Amurka ta naɗa ya mulki Iraƙi bayan mamaya, ya rushe rundunar sojan ƙasar a watan Mayun 2003, dubban mutanen da suka san makami suka koma gida ba albashi, rumbunan makamai kuma suka zama na kowa. A wurin ajiya na Al-Ƙaƙa'a kaɗai, an ba da rahoto a Oktoban 2004 cewa fiye da tan 300 na manyan sinadaran fashewa sun ɓace. Harsashin igwa mai milimita 155 yana da nauyin kilo 43 ko kusa da haka, da kimanin kilo bakwai na abin fashewa a cikinsa, sauran duk ƙarfe ne da ke tarwatsewa. Irinsa ake binnewa a gefen hanya, cikin shara ko cikin mushen dabba. Fiye da rabin sojojin Amurka da aka kashe a fagen daga a Iraƙi, bam ɗin gefen hanya ne ajalinsu.

Ga yadda aikin yake a zahiri. Da an ga abin da ake zargi, sojojin da ke wurin su killace yankin, su kori jama'a, su sa ido kan rufin gidaje da tagogi. Tawagar kwance bam ba ta zuwa ita kaɗai, da rakiyar masu tsaronta take tafiya. Motocinta na ɗauke da na'urar toshe sigina, wadda Amurkawa suka fara yaɗawa da sunan Warlock, don kada a tada bam da wayar salula ko rimot. Kafin a kafa wurin tsayawa sai an bincike shi, domin masu dasa bam sun koyi lura da inda tawaga ta tsaya jiya su binne na biyu a nan. Daga nan sai mutum-mutumi, irin su Talon da PackBot, ya tafi da kyamara da hannun ƙarfe. In ana son wargaza bam ba tare da ya tashi ba, akwai bindigar da ke harba ruwa da tsananin gudu ta raba batir da sauran kayan kafin wuta ta zagaya. In kuma wurin fili ne, sai a ɗora masa ƙaramin abin fashewa a tashe shi a inda yake. Bayan kowane mataki akwai lokacin jira, ko da komai ya yi shiru. Mutum ya sa riga ya taka da ƙafarsa shi ne mataki na ƙarshe, kuma mutum ɗaya tak ke zuwa, ya yi mafi ƙarancin lokacin da zai iya.

Wannan tsari da jini aka rubuta shi. Sojojin Birtaniya sun rasa masu kwance bam a jere a Arewacin Ireland a farkon shekarun 1970, abin da ya sa Laftanar Kanar Peter Miller ya haɗa na'urar farko da ake sarrafawa daga nesa a 1972, daga ƙashin wani baro mai batir. Tun daga nan ƙa'idar ba ta canza ba: nisa ya fi ƙwarewa.

Lissafin fashewa ne ya sa haka. Iskar da bam ke turowa tana raguwa da sauri ƙwarai yayin da ake nisa, kuma sai an ninka abin fashewa sau takwas kafin matsin da ake ji a mita goma ya kai mita ashirin. Kowane taku baya yana sayen rai da araha. Rigar kariyar, mai nauyin kilo 35 zuwa 40 har da kwalkwali, tana tare ɓaraguzan ƙarfe da zafi, tana kare ƙashin baya idan an yi jifa da mutum, tana rage wani abu daga bugun iska. Ba ta hana babban bam kisa daga kusa. Bugun iska yana fasa dodon kunne da farko, sannan huhu da hanji, wato duk inda iska take a jiki, mutum ya mutu fatarsa ba ko ƙwarzane. Hannuwa kuma galibi a buɗe suke don yatsu su ji abin da suke taɓawa. A zafin Bagadaza da kan haura digiri 45, mai rigar yana da ɗan lokaci kafin zufa da ƙishi su fara cin tunaninsa.

Mintuna goman farko na fim ɗin sun bi wannan tsari, kuma su ne mafi gaskiya a cikinsa. Sajan Thompson, shugaban tawagar kafin James, ya tura mutum-mutumi, ƙafar ɗan keken da ke jan abin fashewa ta cire, dole ta sa ya sa riga. Ya ajiye kayan, yana komowa aka tada bam da waya daga shagon mahauci, jini ya wanke gilashin kwalkwalinsa alhali rigar ba ta yage ba. Mutumin da ya bi doka ya mutu. Sai aka kawo James, wanda a fitarsa ta farko ya ƙi mutum-mutumin, ya jefa gurnetin hayaƙi da ya rufe wa masu tsaronsa ido, ya kama waya ya ja da hannu har harsasan igwa da aka jona suka fito daga ƙasa kewaye da shi. A harabar ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya ya tuɓe rigar, abin da ana iya kare shi tunda mota cike da harsasai ba riga da za ta tsaya mata, amma ya kuma jefar da abin sauraron da ke haɗa shi da Sajan Sanborn, mai tsaron bayansa a tawagar, wannan kam ba shi da hujja. Sauran kurakuran, kamar mutum uku su kaɗai a hamada suna musayar wuta da maharbin nesa, ko James ya fice daga sansani da dare cikin kayan gida, ko kakin da suka sa wanda sai 2005 aka fara raba shi, ƙorafin sojoji a kansu daidai ne, ba sai an tsawaita ba.

Abin da ya fi amfani shi ne abin da ke faruwa a jikin mutum uku na tawagar: James, Sanborn da Eldridge.

Idan ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, wani ɗan sashe mai suna amigdala yana buga ƙararrawa kafin mutum ya gama gane abin da ya gani. Cikin daƙiƙoƙi adiranalin ya shiga jini, zuciya ta ƙara gudu, jini ya bar fata da ciki ya koma manyan tsokoki, baki ya bushe. Sinadarin kotisol yana biyo baya, ya kai ƙololuwa bayan minti 20 zuwa 30. Wannan shiri ya dace da gudu ko kokawa, amma mugun shiri ne ga wanda aikinsa na yatsu ne, domin ƙananan motsi su ne farkon lalacewa. Ji da gani ma suna canzawa. Alexis Artwohl ta tambayi 'yan sandan Amurka 157 da suka taɓa shiga harbe-harbe: kashi 84 cikin ɗari sun ce sauti ya dushe musu, kashi 79 sun ce ganinsu ya ƙuntata ga abu ɗaya, kashi 62 sun ce lokaci ya yi ta jan ƙafa. Wurin da Eldridge, ƙaramin cikinsu, ya kasa goge jini daga harsasai a hamada har sai da James ya zauna kusa da shi yana yi masa magana a hankali, hoton wannan yanayi ne. Abin da James ya yi a nan shi ne abin da ake koya wa shugaban tawaga: ka ba wanda ya ruɗe ƙaramin aiki guda, ka sa shi ya sassauta numfashi, muryarka kada ta tashi.

Eldridge shi ne ya ga mai wayar a shagon mahauci, yana da bindiga a hannu, bai harba ba. An daɗe ana jayayya kan irin wannan jinkiri. S.L.A. Marshall ya yi iƙirari a 1947 cewa a Yaƙin Duniya na Biyu bai fi kashi ɗaya cikin huɗu na sojojin ƙasa na Amurka ke harbi a artabu ba. A 1988 masanin tarihi Roger Spiller ya nuna babu alamar Marshall ya tattara alƙaluman da ya dogara da su, don haka a yi taka-tsantsan da lambar. Duk da haka maganarsa ta sauya horo, aka koma harbin alluna masu siffar mutum da ke ɗagowa su faɗi, don yatsa ya riga tunani. A titin Bagadaza wannan horo bai warware komai ba. Mai riƙe da waya yana iya zama mai tada bam, yana iya zama mahauci da ke kiran ɗan'uwansa. Daƙiƙa biyu ko uku gare ka, kuma kowane zaɓi yana iya zama wanda za ka kwana da shi har tsufa.

Ciwon Eldridge ke nan, kuma ya bambanta da firgici. Yana maimaita lokacin a ransa, yana danna kunamar bindigar da ba harsashi a gaban likita, yana nuna cewa da ya ja ta da Thompson na raye. Jonathan Shay, likitan ƙwaƙwalwa da ya yi shekaru da tsofaffin sojojin Vietnam, da kuma Brett Litz da abokan aikinsa a 2009, sun ware wannan a matsayin rauni na lamiri: mutum ya aikata, ko ya kasa hanawa, ko na sama da shi ya ci amanarsa, a kan abin da ya ɗauka daidai ne. Alamarsa kunya da zargin kai. Maganin da aka tsara don rage tsoro ba lallai ya taɓa shi ba, tunda mai shi ba tsoro yake ji ba, hukunci yake yanke wa kansa.

Likitan da ke zama da shi, Kanar Cambridge, fim ɗin ya mai da shi ɗan boko da bai san rana ba, ya fito da shi fili sau ɗaya bam ya tashi da shi. Wannan rashin adalci ne ga wani tsari mai tarihi. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da Charles Myers ya rubuta kan sojojin da suka dimauce a mujallar Lancet a 1915, Birtaniya tana harbe wasu bisa laifin gudu ko ragwanci. Mutum 306 aka kashe, sai 2006 aka yi musu afuwa. Daga wannan yaƙi aka koyi cewa sojan da aka kwashe zuwa asibiti mai nisa da wuya ya dawo daidai. Likitan ƙwaƙwalwa Thomas Salmon ya tsara wa Amurka ƙa'ida uku: a duba shi kusa da rundunarsa, nan take, kuma a nuna masa ana sa ran zai koma. Barci, abinci mai zafi, wanka, kwana biyu ko uku. Zaman Cambridge a cikin sansani wannan ƙa'ida ce. Tana da nata aibu, domin likitan soja yana bauta wa iyayengiji biyu, majinyaci da rundunar da ke son mutuminta ya koma bakin aiki.

Sai James. Shin akwai irinsa? Mafi kusancin amsa tana cikin binciken Stanley Rachman da abokansa kan masu kwance bam na Birtaniya da suka yi aiki a Arewacin Ireland. A gwajin da suka wallafa a 1983, sun sa mutanen aikin bambance sauti mai wuya, duk wanda ya kuskure wutar lantarki ta ɗan ja shi. Waɗanda suka taɓa samun lambar bajinta bugun zuciyarsu ya tsaya ƙasa da na takwarorinsu, su ma ƙwararru, da ba su da lambar. An maimaita gwajin aka sake samun haka. Charles Morgan na jami'ar Yale ya ga makamancin wannan a sansanin horon juriya na Fort Bragg, inda zaratan sojoji na musamman suka fi sauran fitar da wani sinadarin ƙwaƙwalwa, neuropeptide Y, mai rage kaifin firgici. To akwai mutanen da jikinsu ba ya ɗaukar zafi kamar na kowa. Rachman ya ma raba su da masu ƙarfin hali: na farko ba ya jin tsoron sosai, na biyu yana ji amma yana ci gaba. Da wannan ma'auni Sanborn, mai bin doka yana ƙirga kwanakin da suka rage, shi ne mai ƙarfin halin tawagar.

Amma mutanen Rachman ba 'yan ganganci ba ne. Abin da ya gani shi ne mutane masu daidaiton hali, waɗanda horo ya ɗaga musu yarda da kai tun kafin su taɓa bam na gaske. Natsuwarsu ita ke ba su damar bin matakai ba tsallake. James yana da natsuwar, yana kuma watsi da matakan, haɗin da a zahiri ba ya daɗewa a duniya. Ya ce wa wani kanar ya kwance bam 873. Ko da haɗarin mutuwa a kowace fita irin tasa ɗaya ne cikin ɗari biyu, damar ya kai wannan adadi da rai ba ta wuce kusan ɗaya cikin tamanin ba. Fim ɗin, a yaba masa, bai bar shi ya tsira da hujja ba. Farautar da ya ja su cikin lungu da dare ita ta jawo aka kama Eldridge, harsashin James ɗin ne kuma ya farfasa masa ƙashin cinya wajen ceto. Yaron mai sayar da faifai da ya yi imani an kashe, har ya kutsa gidan mutanen da ba ruwansu saboda shi, ya bayyana da ransa. Wanda ya kasa bambance fuskar yaro ɗaya da wani, hukuncinsa ya riga ya fara tsagewa.

Fim ɗin ya buɗe da maganar ɗan jarida Chris Hedges da ke kwatanta yaƙi da ƙwaya, kuma yawancin masu sharhi a nan suka tsaya. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Walter Fenz da Seymour Epstein sun auna masu dirowa da laima a shekarun 1960, suka ga sabon shiga tsoronsa na hawa har zuwa ƙofar jirgi, na tsohon hannu kuwa yana kaiwa ƙololuwa tun da wuri ya sauka kafin tsalle. Richard Solomon ya ɗora a kai a 1974: duk lokacin da aka maimaita abu mai firgitarwa, firgicin na raguwa, daɗin da ke biyo bayansa na ƙaruwa, har mutum ya koma nema don daɗin. Sigarin da James ke kunnawa bayan kowane bam, da akwatin da ke ƙarƙashin gadonsa cike da guntayen abubuwan da suka kusa kashe shi, har da zoben aurensa a ciki, sun dace da wannan bayani.

Bayanin bai ƙoshar ba. A Bagadaza James ya san abin da ake so da shi, ya fi kowa iyawa, sakamako na fitowa nan take, mutane na rayuwa saboda hannunsa. A gida an aike shi ɗauko kwali guda a kanti ya tsaya gaban layi mai tsawo ya rasa na ɗauka, yana ba matarsa labarin bam tana miƙa masa aikin kicin. Sojoji da yawa da ke kewar fagen daga ba harbi suke kewa ba, ƙunƙuntar rayuwa suke kewa, da mutane ƙalilan da kowa ya san zai mutu domin ɗan'uwansa. Tun 1948 Edward Shils da Morris Janowitz suka nuna cewa abin da ya riƙe sojan Jamus yana yaƙi bayan an san an sha kashi shi ne ƙaramar ƙungiyarsa, fiye da aƙidar Nazi. Abin lura game da James shi ne ko wannan bai samu ba. Tawagar da ya tarar da ya koma Iraƙi a ƙarshen fim ba tasa ba ce, sabuwa ce, da sabon lissafin kwana 365.

Salon ɗaukar ma yana cikin hujjar. An yi aikin a Jodan, Barry Ackroyd ya jagoranci kyamarori huɗu na hannu masu fim milimita 16, suka tara kusan awa 200 da Chris Innis da Bob Murawski suka tace. Kyamara ba ta zama wuri guda: taga, baranda, hasumiyar masallaci, mutum da kyamarar bidiyo, tulin shara. Mai kallo yana koyon zargin kowa cikin rabin awa, wanda shi ne ainihin abin da ke bin soja gida ya hana shi zama da baya ga ƙofa ko tuƙi kusa da kwali a titi. Kuɗin wannan dabara Iraƙawa ne suka biya. Kusan dukkansu idanu ne daga nesa, kuma wanda ya fi samun magana mai taɓa zuciya shi ne magidancin da aka ɗaure wa rigar bam da kwaɗuna, wanda James ya ba haƙuri ya gudu ya bari. Mutanen da suka fi kowa mutuwa da waɗannan bama-bamai, a kasuwa da layin neman aikin ɗan sanda, halin da ƙwaƙwalwarsu ta shiga bai samu ko minti ɗaya ba.

A shekarar da labarin ke faruwa, Charles Hoge da abokansa suka wallafa a New England Journal of Medicine cewa kashi 15 zuwa 17 cikin ɗari na sojojin da suka dawo daga Iraƙi suna da alamun PTSD, wato ciwon firgicin da ke bin mutum bayan ya ga tashin hankali, ko ciwon damuwa, ko fargaba mai tsanani, kuma cikin waɗannan kashi 23 zuwa 40 ne kawai suka nemi taimako. Da yawa sun ji tsoron a ɗauke su raunana. Komawa fagen daga kuma tana ƙara nauyi: tawagar lafiyar ƙwaƙwalwa ta rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta gano a 2007 cewa cikin sojoji masu igiya, irin su sajan, kusan kashi 12 ne ke da matsala a zuwa na farko, kashi 18 a na biyu, kashi 27 a na uku ko na huɗu. A watan Afrilun wannan shekarar ne aka tsawaita zaman sojan ƙasa daga wata 12 zuwa 15.

Akwai kuma abin da fim ɗin ya nuna ba tare da ya lura ba. Fashewar ƙarshe ta yi jifa da James, ya kwanta a ƙasa, ya tashi ya shiga mota. Mai wannan sana'a yana shan bugun iska sau da yawa, har daga bama-baman da shi da kansa yake tayarwa daga nesa. Rahoton cibiyar RAND na 2008 ya ƙiyasta cewa sojoji kusan 320,000 da suka je Iraƙi da Afghanistan mai yiwuwa sun samu rauni a ƙwaƙwalwa, mafi yawa ba a taɓa duba su ba. Alamun wannan rauni, wato saurin fushi, rashin barci, mantuwa, yanke hukunci ba tunani da sanyin zuciya ga iyali, suna shiga cikin na PTSD har a kasa raba su, kuma sashen gaba na ƙwaƙwalwa da ke taka wa mutum birki yana cikin wuraren da suka fi saurin taɓuwa. Sai a 2010 ma'aikatar tsaron Amurka ta wajabta a duba duk sojan da ke cikin mita 50 daga fashewa, a kuma ba shi hutun awa 24 ko da ya ce lafiyarsa ƙalau. A 2004 babu wannan doka, don haka ba wanda ya ƙirga sau nawa kan James ya bugu kafin a sa hannu a takardar komawarsa.